Mutumin Ƙarƙashin Dandamali

Ranar Litinin da hantsi aka jawo Baba Ba-Ƙusa ta ƙafafu daga ƙarƙashin dandamalin da ya haɗa da hannunsa, a gaban 'yan kwamiti su bakwai, da mata masu talla a bakin makaranta, da surukinsa mijin 'yarsa Auta. Shi dai ya fito. Wandonsa ne bai fito ba.

Ga yadda aka yi. Asabar mai zuwa Mai Molo zai yi wasa a filin makarantar unguwa, tsohon mawaƙin nan na ma'aikata wanda a da, ko sunansa za ka ambata, sai ka fara waigawa. Shekara talatin da ɗaya rabonsa da garin. Aka kafa kwamiti, aka ɗora Hedimasta a kai, tunda filinsa ne, kuma shi ya iya rubuta wasiƙar da hukuma ke amsawa. Hedimastan nan kuwa shi ne surukin. Tun ba a manna fasta ta farko ba Ba-Ƙusa ya turo katakansa a amalanke, ya sauke a tsakiyar fili, ya ce dandamali nasa ne, kuma ba roƙo ya zo yi ba, sanarwa ce.

Kafin shayin mutum ya huce ya haɗa shi. Benci huɗu a ƙasa, katakai tara a sama, duk an huda su an soka musu 'yan itatuwa masu tsini da yake kira fegi. Mai aski, wanda shagonsa ke jikin na Ba-Ƙusa, kuma shekara ashirin ba su taɓa wuni ba su tsokani juna ba, ya zagaya abin sau biyu ya ce, "To wannan da me ya tsaya, da addu'a? Ko ƙusa ɗaya ban gani ba."

"Da hankali ya tsaya, abin da ba a samu a shagonka," in ji Ba-Ƙusa. "Ku hau, ku bakwai ɗin, ku yi tsalle. Ni zan kwanta a ƙasa. In ya rushe, a kaina ya rushe."

Shiga dai ya shiga, don ya riƙe numfashi ya tsuke ciki. 'Yan kwamiti suka hau suka yi ta dire-dire kamar yaran da aka ba hutu, mai aski har da rawa, dandamali ko gezau. Aka sauko ana jinjina kai, ana jiran mai aikin ya fito ya karɓi yabo. Shiru. Can sai ga murya daga ƙasa, a hankali, irin ta baƙo mai tambayar hanyar banɗaki: "Mai aski. Zo nan, kai kaɗai."

Ka ga, an auna wurin nan ne da jikin saurayin da ake iya ƙirga haƙarƙarinsa. Yanzu kuwa akwai tumbin da aka yi shekaru ana tarawa loma-loma. Mai aski bai zo shi kaɗai ba. Ina zai iya cin wannan daɗi shi kaɗai? Ya kira mai facin taya, kowa ya kama ƙafa ɗaya, aka ce ɗaya, biyu, uku. Mazagin wando ya maƙale a fegi. Fegin kuwa, kamar yadda mai shi ya yi alkawari, bai motsa ba.

Hedimasta ya juya ya ƙura wa ƙararrawar makaranta ido kamar yau ya fara ganinta. Masu talla suka toshe baki, kafaɗu na rawa. Matar Ba-Ƙusa, wadda ke sayar da lemo a ƙofar makarantar, ta tako ba gaggawa, ta yafa masa mayafinta, ta ce, "Tashi, Maigida. Abin da aka gani an gani. Daman ba wani abin kallo ba ne."

Da la'asar Hedimasta ya zo shago, Auta na biye da shi tana tura shi da ido. Mutum ne mai yi wa yara ɗari shida tsawa su yi tsit, amma a gaban surukinsa sai ya koma ɗan aji ɗaya da ya manta littafi a gida. Ya durƙusa a bakin ƙofa cikin garin katako, ya gai da Baba, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya sake tambayar gajiya.

"Faɗa masa mana," in ji Auta.

"Baba, wato… kwamiti ya zauna."

"Ya ji daɗi. Ni kwanciya na yi."

"An ce za a ɗauko dandamalin ƙarfe na haya, mai matakala da rumfa da wurin rataye fitilu. Ba don naka ba shi da ƙarfi ba, Baba, kowa ya gani. Don lafiyarka ne. Kuma yanzu da izinin hukuma za a yi. Ba a bukatar mutum a ƙasa."

Ba-Ƙusa yana fere wani fegi da wuƙa, bai ɗago ba. Duk abin da ya faru da safe bai yi masa zafin wannan magana ta ƙarshe ba.

"To, Hedimasta, na ji. Filinka ne. Sai dai tayar amalankena ta yi faci. A bar mini katakaina can gefen tankin ruwa zuwa Lahadi."

"Ai ko wata guda ne, Baba."

Tayar amalanke lafiyarta ƙalau. Auta ta sani, don a jikin amalanken ta jingina. Amma 'yar gidan ce, ba ta tona ba.

Wanda bai san tarihi ba zai ce rigimar tsufa ce kawai. Rigimar tsufa tana ciki, ba a musu. Amma katakan nan sun girmi Hedimasta a aiki.

Ba-Ƙusa ɗan ɗan dako ne, kuma a babbar masaƙar bayan layin dogo ya koyi kafinta, waccan da yanzu awaki ke kiwo a cikinta. Gyaran benci da ƙofofi yake yi. A lokacin mutane awa goma sha biyu suke yi a tsaye, ƙurar auduga na cika musu ƙirji, wanda ya buɗe baki gobe ya tarar an hana shi shiga. Mai Molo ma'aikacin wurin ne aka kora, sai ya koma bakin ƙofa da molonsa, kullum idan jiniya ta tashi ma'aikata ya yi musu waƙa. Aka haramta waƙar. Jama'a suka ƙaru. Matsalar ita ce mutumin gajere ne, na baya ba sa ganinsa, ba sa jinsa.

Sai sakataren ƙungiyar ma'aikata ya je wurin ɗan kafinta ya ce, "Ina son abin da mutum zai tsaya a kai, wanda zai tashi ba a ji ƙarar guduma ba, kuma ya ɓace kafin motar 'yan sanda ta sha kwana." Mako uku yaro yana zane a ƙasa da tsinke, uwarsa har ta fara tambayar ko lafiya. Abin da ya fito da shi ke nan. Ka buge fegi goma sha biyu, 'yan dako huɗu su saɓa katakai su yi tafiyarsu kamar kowane kaya, benci huɗu su rage, tsofaffi su zauna suna hira. 'Yan sanda su iso su tarar ba abin da ya faru, ba kuma abin da zai faru.

Kwanciya a ƙasa kuwa dole ce ta kawo ta. Mai Molo ba shi da makaɗi, diddigensa na hagu shi ne gangarsa, kuma dukan nan yakan sassauta fegi. Sai da mutum a ciki da 'yar gudumar icce yana mayar da su. A can Ba-Ƙusa ya gano abin da ba wanda ya lura da shi. 'Yan sandan ciki za su sa tsohuwar riga, su shafa baƙin mai a hula, su yi kama da lebura sak, amma takalmi sai na gwamnati: baƙi, mai igiya, an goge shi yana sheƙi. In ana waƙa ba mai kallon ƙasa sai wanda ke kwance a can. Da ya hango sheƙin nan cikin silifa da tsagaggun ƙafafu, sai ya buga katako sau uku. Mai Molo ya dira ta baya ya shige taro, dandamali ya koma benci.

Sakatare ya kafa doka: na sama kada ya san na ƙasa, na ƙasa kada ya san na sama, don in an kama ɗaya aka matse shi, ba shi da fuskar da zai nuna. Ba-Ƙusa yakan shige tun kafin jiniya, Mai Molo ya zo a ƙarshe ya tafi da farko. Shekara bakwai yana ɗauke da mutumin nan a kansa, bai taɓa ganinsa yana waƙa ba. Hotonsa kawai ya sani a jikin kaset, da suma kamar kwando da wushirya.

Matarsa ma ta ƙafa ya fara saninta. Wasu ƙafafu ne masu silifa iri biyu, ɗaya shuɗi ɗaya ja, kullum a kusurwar hagu. Wata rana lemo ya gangaro ya taɓa masa kunne. Kashegari wani ya sake gangarowa. Har yau tana rantsuwa wurin ne ke da gangara, shi kuma yana cewa lemo ba ya kuskure sau biyar a wuri ɗaya. Ita ce ta zama mai dire faranti a benci da zarar an buga uku, ta hau yankan lemo da fuskar wadda ba ta taɓa jin waƙa ba a rayuwarta.

Daga baya aka gayyaci Mai Molo wani gari, ya hau dandamalin wasu, aka kama shi. Daga gidan yari sai ƙasar waje. Masaƙa ta mutu. Ba-Ƙusa ya ɗora katakan a saman rufin shago, kowace shekara ya sauko da su ya shafa musu mai saboda gara. Tun daga nan bai sake buga ƙusa a aikinsa ba, ko gado ne, ko ƙofa, ko teburin 'yan makaranta. Aikinsa yana cin lokaci har mai kaya ya gaji da zuwa, amma jikokinka za su gaje shi. Labarin kuwa ya ba da shi a shagon aski ya fi sau dubu, kullum 'yan sandan ƙaruwa suke yi. Mai aski yakan ce, "A zamanin nan naku kowa jarumi ne, har wanda ya yi shi a kwance."

Talata da sassafe sai ga shi a gefen tankin ruwa da zarto da abin awo. Ya ƙara wa ƙafafun bencin nan yatsa huɗu-huɗu, ya sake fere fegi, ya haɗa dandamalinsa a lungun da ba mai kallo. Masu wucewa suna ta yi masa sannu da irin muryar da ake yi wa mai jinya. Wasu mata suka tambaye shi lafiyar mazagi. Ya amsa wa kowa da hannu, bai ɗago ba.

Laraba babbar mota ta kawo na ƙarfe. Samari shida suka wuni suna ɗaure kusoshi, suna ihu, suna neman sifana. Da suka gama abin ya tsaya tsakiyar fili, ya fi mutum tsawo, matakala tara, ga rumfa shuɗiya. Gaskiya ya yi kyau. Ba-Ƙusa ma a ransa ya yarda, shi ya sa ya ƙara tsuke fuska.

"Ka ga aiki?" in ji mai aski. "Nan ko giwa ta shiga ƙasa za ta fito da kayanta cif."

"In 'yan sanda suka zo, kwana nawa za a yi ana kwance shi?"

"Wane 'yan sanda, tsoho? Duniya ta wuce ka, ta waigo ba ta gan ka ba."

Da azahar matarsa ta kawo masa abinci, rabin abin da ta saba zubawa, ta zauna a gefen dandamalin tana kallonsa yana leƙa kwano ko akwai saura a ƙasa.

"Maigida, faɗa mini gaskiya. Don Mai Molo kake wannan, ko don a daina yi maka dariya?"

Ya daɗe yana murza gudumar iccen a hannu. "Uwar yara, kin san ban taɓa jin waƙarsa ɗaya har ƙarshe ba? Kunne na sama, ido na takalma, zuciya na dukan uku-uku. Sau ɗaya nake so ya hau katakona, in kwanta, in rufe ido, in ji ta daga farko har ƙarshe. Shi ke nan. Daga nan ko gara ta cinye su."

Ta zaro lemo ɗaya daga ƙugunta, ta yanka, ta miƙa masa.

Alhamis da la'asar aka ce baƙo ya iso, zai zo ya ga wuri. Ba-Ƙusa ya sa rigarsa ta fita, ya shirya abin da zai faɗa tun daga gida. Amma da ya ji mota ta tsaya a ƙofar makaranta, ya ji mai aski na ɗaga murya yana "sannu da zuwa", sai ya ja da baya. Bakin mai aski ba ya riƙe ruwa. Kafin a kai tsakiyar fili baƙo zai ji labarin Litinin da ƙari. Kuma in ya je ya ce ni ne na ƙasa, wa zai shaida? Bai san lokacin da ya durƙusa ya shige ƙarƙashin dandamalinsa ba. Yatsa huɗun nan sun yi amfani.

Daga nan duniya ta koma yadda ya santa, ƙafafu zalla. Ga takalmin Hedimasta ruwan ƙasa, ga silifan mai aski mai ɗinki a dunduniya, ga na masu talla suna biye. A tsakiya kuma wasu ƙafafu biyu da sanda ta uku, suna tafe a hankali. Ta hagu ta ɗan karkace waje, diddigen takalmin ya cinye ta gefe ɗaya. Ko cikin ƙafafu dubu Ba-Ƙusa zai gane ta.

Ya ji ana hawan matakalar ƙarfe, ƙwal, ƙwal, ƙwal. A ta biyar aka tsaya aka huta. Aka kai sama, aka gwada lasifika ta yi kuwwa, sannan diddige ya sauka sau uku, ƙarfe ya amsa garau har tsuntsaye suka tashi daga bishiya.

"Kai, ɗana," in ji wata murya da ta dushe amma ba ta karye ba, "wannan abu naka amsawa yake kamar tsohuwar garwa. Kuma daga nan mutane ƙanana nake ganinsu, kamar ni ne manaja."

"Za a shimfiɗa darduma, Baba," in ji Hedimasta.

"To. Sauko da ni dai in huta, gwiwa ta fara zagina."

Ƙafafun suka sauko, suka yi ɗan tsaye-tsaye suna neman inuwa, sannan suka nufo tankin ruwa. Ba-Ƙusa ya daina numfashi. Katako ya ɗan yi ƙara a saman ƙirjinsa, an zauna. Ya ji tafin hannu na shafa katakon a hankali, gaba da baya. Sai ƙafafun suka ɓace daga ƙasa, an janye su sama. Sanda ta dafa, mutum ya miƙe. Diddige ya sauka: dum. Ya sake: dum. Katako ya amsa da muryarsa ta da, mai zurfi, har cikin haƙarƙarin na ƙasa.

"Miƙo mini molon nan," in ji muryar.

Aka ɗan ja tsirkiya, aka saki, sannan waƙa ta fara.

"Zaren nan namu ne, hannun nan namu ne,
Rigar tana jikin wani…"

Masu talla, waɗanda iyayensu mata suka goya su da waƙar nan, suka karɓa ba a ce su karɓa ba. Ba-Ƙusa ya rufe ido. Hawaye ya gangara ya shige masa kunne, bai share ba. Baiti ɗaya ya wuce, na biyu ya kama. Sai ido, wanda shekara bakwai aka koya masa aikinsa, ya buɗe da kansa ya leƙa wajen ƙofar makaranta.

Baƙi. Mai igiya. Yana sheƙi. Mutum uku, sun nufo taro.

Kansa bai yi shawara da hannunsa ba. Ƙwas! Ƙwas! Ƙwas!

Waƙa ta yanke a tsakiyar kalma. Aka ji tim ta baya, ƙura ta tashi, ƙafafun da ɗazu suka huta a matakala ta biyar suka wuce kamar na ɗan akuya. Ba-Ƙusa ya mirgino waje yana buge fegi hagu da dama, katakai na zamewa. Matarsa ta ratso taro da farantinta, ta ja benci ɗaya da ƙafa, ta zauna, ta hau yanka. Kafin masu baƙin takalmi su ƙaraso, rabin dandamali ya koma benci biyu, tsohon kafinta na zaune a ɗaya yana kallon sama, tsohuwa a ɗayan tana cewa, "A sayi lemo, mai zaƙi ne."

Na gabansu, wani Sajan, ya ƙame ya sara wa Hedimasta, ya miƙa masa takarda. "Ranka ya daɗe, ga izininku an sa hannu. Oga ya ce ku nuna mana inda za mu tsaya ranar Asabar mu kula da jama'a." Ya duba hagu, ya duba dama. "Ina baƙon? Yanzu muke jin waƙa daga ƙofa."

Sai mai aski, bakinsa na rawa, ya ɗaga yatsa ya nuna tankin ruwa. Wuyan molo ne ya leƙo ta bayansa.

Filin nan ya kece da dariya. Mai faci ya kwanta a ƙasa yana riƙe da ciki. Ba-Ƙusa kuwa ya dubi gudumar da ke hannunsa kamar wani ne ya sa masa. Sau biyu a mako ɗaya ya kunyata surukinsa, kuma yau ya kusa karya baƙon da gari ya yi shekara talatin da ɗaya yana jira. Ya sunkuyar da kai. Ya san ko a lungun tanki ba za a sake barin katakansa su kwana ba.

Ƙafafun suka fito daga bayan tanki suna ɗingishi. Dariya ta fara mutuwa.

"Wa ya buga?"

Hedimasta ya matso yana murza hannu. "Baba, a yi haƙuri, surukina ne, tsufa ne, wallahi ba da nufin…"

"Ban tambaye ka tsufa ba, ina da nawa. Na ce wa ya buga uku?"

Ba-Ƙusa ya miƙe, idonsa na ƙasa. Ƙafar hagun nan mai karkacewa ta zo ta tsaya daidai gaban tasa.

"Na Ƙasa?" in ji Mai Molo.

"Na Sama," in ji Ba-Ƙusa.

Sai ya ji an rungume shi da molo da komai, tsirkiya na ƙara a tsakaninsu, ana bubbuga masa baya ana cewa, "Kana raye, ɗan banza, kana raye! Tun da na taka katakon nan na ce na san shi, amma na ce mai shi ya daɗe da tafiya." Mai Molo ya juya wajen jama'a, hannunsa ɗaya riƙe da wuyan rigar kafinta. "Ku 'yan yau, kun san wannan? Shekara bakwai ina waƙa a garin nan ba a taɓa kama ni ba, kuna cewa ina da layar zana. Ga layar nan. Ranar da na hau dandamalin da ba shi a ƙasa, baiti uku na yi na ji ankwa a hannu."

Mai aski ya buɗe baki, ya rufe. A shekara ashirin, ranar ce kaɗai aka ga haka.

Sajan ya cire hula ya sosa ƙeya. "Baba, ni fa uwata a masaƙar nan ta yi aiki. Waƙar zaren nan da ita take mana wanka."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma ranar Asabar ku zo da silifa, in ba haka ba sai ku neme ni a bayan tanki." Ya nuna benci da katakan da ke warwatse. "Hedimasta, a kan wannan zan yi. A kawo shi tsakiyar fili. Wancan dogon ku ɗora masa lasifika da fitilu, ya dace da su."

Hedimasta ya durƙusa a gaban surukinsa, cikin ƙura, gaban ɗalibansa da ke leƙe ta taga. "Baba, kwamiti ya yi kuskure. Ranar Asabar kujerarka ce ta farko a layin gaba, kai da Mama."

"Haka za a yi," in ji Mai Molo. "Ka sha kwanciya, ta ishe ka. Wannan karon ka zauna kamar babban baƙo ka kalle ni da idonka. Ɗago ma tukuna, shekara nawa kana kallon ƙafata? Ɗago ka ga mai waƙarka."

Ba-Ƙusa ya ɗago. Ya nemi sumar nan mai kama da kwando, ya tarar da sanƙo yana sheƙi, an yi masa ado da yanar gizo ta bayan tanki. Ya nemi wushirya, ya tarar ta faɗaɗa har ta cinye maƙwabtanta huɗu. Ga tabarau mai kauri ya karkace, kunne ɗaya kawai ya riƙe shi. Ya dube shi daga sama har ƙasa, a tsanake, yadda yake duba katakon da ake son sayar masa.

"To, na gani, na gode," ya ce. "Shekara talatin da takwas ina takaicin ban taɓa leƙowa ba, ashe rufin asiri Allah ya yi mini. Ku ba mai aski kujerar. Ni dai ka bar ni a ƙasa, daga can ka fi kyau."